Kwanon Ruwa a Tsakar Gidan Yakubu

Tsafe, Litinin 12 ga Agusta

Zuwa ga 'yar'uwata Zahra'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Hajiya da ciwon ƙafarta, da aikinku na haƙar rijiyoyin burtsatse. Ni ne Dalhatu magini na Marken Dutse ta ƙasar Bungudu, jikan Malam Buba wan kakarki. Na yi miki wannan dogon bayani ne don ba za ki gane rubutuna ba, da hagu nake yi. Hannun daman an yi masa ɗori.

Kin san kamfanin da ke fasa dutse a bayan garinmu. Duk Alhamis bayan la'asar sai su busa jiniya, su tayar da nakiya. Alhamis ɗin da ta wuce, da nakiyar ta tashi, bangon ɗakin Yakubu mahauci ya faɗo wa matarsa Hafsatu tana kan sallaya. Ni na gina ɗakin shekara biyu da suka wuce. Ina cikin waɗanda suka tono ta. Bulon da na jera da hannuna shi na riƙa ɗagawa daga bayanta, kuma kafin mu kai ga fuskarta rai ya yi halinsa.

Washegari da aka sauko daga Juma'a wani ya tayar da magana a ƙofar masallaci. Ya ce gidajen gindin dutse, na laka, tsofaffi, waɗanda ke bakin wurin fasa dutsen, ko tsagewa ba su yi ba. To yaya aka yi gidan bulo da siminti, wanda ya fi kowane gida nisa da wurin, shi ya faɗi? Ashe Dalhatu ya ci siminti ke nan. Kafin in buɗe baki an kai ni ƙasa. Suka ja ni a kan tsakuwa har ƙofar gidan Yakubu. Mutum uku suka danne ni, Yakubu ya ɗora hannuna a bakin turmi ya sauke mini taɓarya. Sau biyu. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafin. Suka wuce rumfata suka cinna mata wuta, da kayan buga bulo da wayata da komai. Yakubu ya rantse a gaban jama'a, in ya sake ganina a garin zai kwantar da ni kamar yadda yake kwantar da akuya.

Matata Ladidi ta kwashe yara ta tafi gidansu a Kekun Waje. Lukuman direba ne ya ɗauko ni a bayan motarsa ya kawo ni nan gidan Malam Isma'ila, wanda ya ba ni mafaka, Lukuman ɗin ne kuma zai kawo miki takardar nan. Maganar ba ta wayar aro ba ce.

Zahra'u, wallahi ko cokali ɗaya na siminti ban rage ba. Amma ni kaina tambayar tana cina, don gaskiya suka faɗa, na kusa sun tsaya, na nesa ya faɗi. Ke kika je har Turkiyya kika karanta ƙasa da duwatsu, da muna yi miki tsiya wai kin tsallake teku don ki koyi abin da kowane mai haƙar rijiya ya sani. Yau na janye tsiyar. Ki faɗa mini abin da ya kayar da bangon nan. In ban samu amsa ba, ba ni ba komawa gida, kuma 'ya'yana za su girma ana ce musu 'ya'yan wanda ya kashe Hafsatu.

Naki,
Dalhatu

Tudun Wada, Gusau, Alhamis 15 ga Agusta

Yaya Dalhatu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Hajiya ta yi kuka da na karanta mata, ta ce in yi maka sannu. Allah Ya jiƙan Hafsatu, Ya ba ka lafiya. Ka sa a duba hannun a asibiti, kada ka tsaya ga ɗori kaɗai.

Lukuman yana jira a ƙofa, don haka zan taƙaita. Ba zan ce maka komai ba sai na ga ginin da idona, na taɓa bulon da hannuna. Ina da wani zato, amma ba na son in faɗa maka abin da ban tabbatar ba. Ko da wasa kada ka koma.

Ƙanwarka,
Zahra'u

Tsafe, Litinin 19 ga Agusta

Zahra'u,

Gaisuwa. Hannu yana nan yana kumburi, yatsun sun yi baƙi, barci sai a zaune.

Na karanta takardarki sau huɗu. Sai kin taɓa bulon da hannunki. Wato rantsuwata ba ta ishe ki ba, sai kin je kin murza ki ji ko yashi ne zalla. Kina da wani zato, amma kina jin nauyin faɗa mini. Ai da kin faɗa kawai, mutanen garin ba su ji nauyi ba. Shekara ashirin da shida ina gini, masallacin da aka ja ni daga ƙofarsa ma ni na ɗaga shi. Na ji zafin layin nan naki fiye da taɓarya, don Yakubu matarsa ce ta mutu, ke kuwa me na yi miki?

Ga labarin da ya iso mini. Kamfanin sun dakatar da aiki tun ranar, wai suna jiran ƙura ta lafa. Yakubu ya je gidana ya ɓalle ƙofa, ya fito da awakin Ladidi guda uku ya yanka su a bakin zaure, ya bar su nan ko fiɗa bai yi ba. Suna nan suna ruɓewa, ba wanda ya isa ya ɗauke. Ranar kasuwar nan an gan shi yana tambayar inda Lukuman yake sauke fasinja. Malam Isma'ila ya mayar da ni ɗakin baya inda yake ajiye hatsi.

Ki je ki murza bulon. In kin gama ki aiko mini da hukunci.

Dalhatu

Tudun Wada, Gusau, Talata 27 ga Agusta

Yaya Dalhatu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Allah Ya sa hannu da sauƙi. Zuciyar nan taka dai tun muna yara ba ta canja ba. Ni ban zarge ka ba. Na ce zan taɓa bulon ne don in na tsaya gaban mutane in ce da kyau yake, kada a ce don ɗan'uwana ne. Zaton da nake yi ba a kanka ba ne, a kan ƙasar ne.

Ranar Asabar na je. Na ɗauki bulo ɗaya daga tarin na buga shi da dutse, da kyar ya rabu biyu. Gininka lafiyarsa lau. Yanzu ka saurara.

Ban taɓa ba ka labarin abin da na gani a Antakiya ta Turkiyya ba, don ba na son tunawa. Da girgizar ƙasar nan ta zo, ni ina kwana a gidan wata ƙawata a can sama, gefen tsauni. Mun ji ta sosai, kwanuka sun zube, bango ya tsage, amma mun fito da ƙafafunmu. Da gari ya waye muka gangaro unguwannin bakin kogi, inda ɗakina yake. Yaya, benaye sun kwanta kan juna kamar an tara faifai. Ana jin muryoyi daga ƙarƙashi, ba yadda za a yi. Wadda muke ɗaki ɗaya da ita, hannunta kawai na gani, na gane shi da agogo. Girgiza ɗaya ce, gari ɗaya, amma ba ta taɓa mu daidai ba.

Abin da ke sa wata girgizar ta fi wata ɓarna yana da yawa. Akwai girmanta, akwai ko daga can ƙasa mai zurfi ta taso ko daga kusa da sama, akwai ɓangaren da tsagewar ta nufa. Amma wanda ya shafe mu shi ne irin ƙasar da mutum yake tsaye a kai. Ka ɗora dutsen niƙa da kwanon koko a kan tebur ɗaya, ka doki teburin. Dutsen zai ɗan motsa ya tsaya. Kokon kuwa zai yi ta kai da kawowa har ya zuba, bayan ma ka janye hannu. Girgiza in tana tafiya cikin dutse, da sauri take wucewa. In ta shigo ƙasa mai taushi, mai ruwa, sai ta rage gudu ta ƙara tsawo, kuma in ƙasar tana cikin rami ne sai ta yi ta dukan gefe tana dawowa. Nakiyar kamfanin ba girgizar ƙasa ba ce, ba ta kai ko kusa ba, amma haka ita ma take tafiya. Gidajen gindin dutse a kan dutse suke. Ƙara ce ke damunsu, ba motsi ba.

Na soka rodi a tsakar gidan Yakubu. Da hannu ɗaya na tura shi, ya shige har ya kusa ƙarewa bai taɓa ƙasa mai ƙarfi ba. Da na zaro, toka ce da baƙin taɓo da guntun leda, ga wari. Na soka a gidan maƙwabcinsa na arewa, ko kamu biyu bai shiga ba. Yaya, gidan nan a kan tsohon kududdufi yake wanda aka cike da juji, kuma ruwan daminar bana ya jiƙa shi sharkaf. Ka san da shi?

Ban gama ba Yakubu ya dawo daga kasuwa. Ya fizge rodin ya jefa shi bayan katanga, ya ce in ban fita ba zai manta ni mace ce. Na je wajen mai unguwa, ya saurare ni da kunne ɗaya, ya ce ai dole 'yar'uwar mai laifi ta ce ƙasa ce ta yi laifi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ɗakin da ya rage a gidan, na Inna Uwani mahaifiyar Yakubu, ya tsage daga tushe, yatsana uku suna shiga. Tsohuwar ba ta fita ko'ina, kuma 'ya'yan marigayiya biyu a wurinta suke wuni. Na ji a garin cewa kamfanin za su koma aiki Alhamis 5 ga Satumba. Bangon nan ba zai ɗauki wata nakiyar ba.

Kada ka je da kanka. Ka rubuta wa liman, ya san ka, zai fi jin maganarka a kan tawa. Ka ce a fitar da su kafin la'asar. In mutane suna son shaida, a cika kwano uku da ruwa har baki, ɗaya a gindin dutse, ɗaya a ƙofar masallaci, ɗaya a tsakar gidan Yakubu, a sa mutane su tsaya a kan kowanne.

Ƙanwarka,
Zahra'u

Tudun Wada, Gusau, Litinin 2 ga Satumba

Yaya,

Ina fatan lafiya. Kwana shida ba amsa, Lukuman ma ban gan shi ba. Na kira lambar Malam Isma'ila ya fi a ƙirga, ba ta shiga, an ce layin wajenku ya ɗauke. In fushi kake yi, ka ajiye shi zuwa Juma'a. Gobe da sassafe za a tafi da mu aiki Ƙauran Namoda, na roƙi a bar ni an ƙi. Na aika wa liman takarda da kaina, ban san ko ya karanta ba. Wannan na ba wani mai lodin hatsi. Saura kwana uku, kuma akwai tsohuwa da yara biyu a ɗakin nan.

Zahra'u

Marken Dutse, Bungudu, Litinin 9 ga Satumba

Zuwa ga 'yar'uwata Zahra'u,

Assalamu alaikum. Ki duba daga inda na rubuto. Ina gida, Ladidi da yara sun dawo jiya. A gaida Hajiya. Ki yafe mini takardar da na yi miki ta rashin kunya.

Ba fushi ya hana ni amsa ba. 'Yan bindiga sun buɗe wa motar Lukuman wuta a hanyar Tsafe, harsashi ya same shi a cinya, yana asibiti, da sauƙi. Takardarki ta kwana tara a aljihun motar a garejin bakanike. Ita da ta biyun tare suka iso hannuna, ranar Alhamis da hantsi. Ba sauran lokacin rubuta wa kowa. Na rataye hannu a wuya na tafi tasha, Malam Isma'ila yana bina yana cewa kashe ni za a yi.

Kin tambaye ni ko na san da kududdufin. Na sani, Zahra'u. Daga cikinsa ni da babana muka ɗebi ƙasar da aka gina rabin garin nan, a cikinsa na koyi iyo. Da Yakubu ya kira ni aikin na ce masa wurin nan cike ne, ya ce ai ya shekara goma da cikewa, ya zauna. Na ƙara zurfin tushe, na ƙara siminti, na ja bakina na yi shiru don ina son aikin. Duk kwanakin da na yi a Tsafe ina rantsuwa a kan siminti, ban yarda na tuna da ramin ba sai da na ga tambayarki.

Na isa ana kiran azahar, na shiga gidan liman ta baya. Takardar da kika aika masa tana kan buzunsa, ya karanta, amma ya ce ya rasa ta inda zai tunkari Yakubu. Da na faɗa masa maganar kwanuka sai ya ce ruwa dai ba ya cutar da kowa. Bayan la'asar ya sanar a masallaci, aka kai kwano gindin dutse da mutum biyar, aka ajiye ɗaya a ƙofar masallaci, muka ɗauki na ukun muka nufi gidan Yakubu, gari duk yana bayanmu.

Yana zaure yana wasa wuƙa. Yana ganina ya taso mini da ita. Na kauce, wuƙar ta tsaga mini kunne ta sauka a kafaɗa, jini ya wanke mini riga. Mutum huɗu suka riƙe shi yana jan su a ƙasa. Na ce masa, "Yakubu, ga ni, ba inda za ni. In an gama ka yanka ni. Amma ka fito da Inna da yaran nan daga ɗakin, a kan tsohon rami yake."

Ya ce, "Ba mai taɓa mini uwa. Ka kashe ɗaya, ka zo ka tozarta ɗaya."

Sai muryar Inna Uwani ta fito daga ɗaki, ashe duk tana ji. Ta ce, "Wane rami ake magana, na bakin marke? Ai nan muke wanki muna 'yan mata. Ku zo ku ɗaga ni." Matan liman suka shiga suka ɗauko ta a kan tabarma, yaran suna riƙe da zanenta. Aka ajiye kwanon a tsakiyar gida, aka cika shi har baki, kowa ya ja baya zuwa ƙofa.

Jiniya ta yi kuka. Sai nakiyar ta tashi.

Ƙarar ba ta kai yadda ake jin ta a gindin dutse ba. Amma ƙasar, Zahra'u. Shekara nawa ina jin nakiyar nan daga gidana, ban taɓa jin ta a ƙafafuna haka ba, kamar na taka bayan saniya. Ruwan kwanon ya tashi ya zuba gabas, ya dawo ya zuba yamma. Ƙarar ta wuce, tsuntsaye sun gama tashi, shi yana nan yana kai da kawowa. Muna kallonsa bangon ɗakin Inna ya buɗe daga tsagar nan, ya sunkuyo a hankali, ya rufta ciki da rufin gaba ɗaya. Da ƙura ta lafa, ƙafar gadonta kawai ake gani.

Mutanen gindin dutse suka iso da nasu kwanon a hannu, a cike. Suka ce ya yi rawa kaɗan ya tsaya. Na masallaci ya zubar da abin da bai fi kurɓi ba. Namu ya koma rabi.

Aka saki Yakubu. Ya je inda ruwan ya zuba ya durƙusa, ya fara tonon ƙasar da wuƙarsa, can ya ajiye ta ya ci gaba da hannu. Toka ta fito, leda ta fito, sai ƙaho, sai kofato, sai wani ƙahon. Sharar mahautarsa ce. Shekaru yana turo ta a baro yana zubawa a ramin don ya samu filin da zai gina wa Hafsatu ɗaki.

Ya ce, "Ni na cike shi."

Na ce, "Ni na gina a kai, kuma na sani."

Bai ɗago ya dube ni ba. Ya zauna nan da ƙahon a hannu har aka kira magariba, Inna tana ta kiran sunansa.

Yanzu shi da Inna da yaran suna gidan liman. Mai unguwa ya ce in roƙe ki ki zo da na'urarku ki auna unguwar duka, don tsofaffi sun tuna da wasu ramukan biyu, kuma suna son ki raka su wajen kamfanin. Shi da kansa ya ce a roƙe ki, na so ki ga fuskarsa.

Na je asibiti kamar yadda kika ce, an ɗinke kunne da kafaɗa. Hannun kuwa likita ya ce ƙashin ya haɗe a karkace, yatsu uku ba za su ƙara damƙewa ba. Na gwada riƙe cokalin gini da na dawo, ya faɗi. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Yakubu bai zo ba, bai aiko da magana ba, ni ma ban je ba. Amma yau da safe Ladidi ta buɗe ƙofa ta tarar da ƙunshi a bakin zaure, daidai inda ya yanka awakinta. Cinyar rago ce guda, an gyara ta tsaf irin gyaran da shi kaɗai ke yi a garin nan. Ta tsaya a kaina da ita tana tambaya ko ta mayar. Na ce ta dafa.

Da hagu na ci.

Naki,
Dalhatu